Waƙar Mai Makullan Aljanna

Baba Ousseini yana da farar mota mai kujera goma sha biyar, kuma a duk faɗin garin Greensboro na Amurka ita kaɗai ce abin da ya mallaka wanda ya fi tukunya girma. Kowace safiya ƙarfe shida yake zagaya unguwannin East Greensboro yana kwasar ma'aikatan wani gidan wanki da ke wajen filin jirgi, inda ake wanke zannuwan otal da na asibiti, da yamma kuma ya koma ya kwaso su. Shi ma shekara tara ya yi a gidan wankin nan, a tsaye gaban injin guga, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Har yanzu idan ya tsaya a ƙofar wurin sai ya ji gwiwar ta motsa, kamar ta gane inda take. Ya sani sarai, ranar da motar nan ta rasa fasinja, can zai koma.

Fasinjojin kashi biyu ne. Bakwai mutanen Elda Gregory ne, 'yan Jos da Kafanchan, coci ɗaya suke zuwa, shi ne kuma ya kawo su motar. Bakwai na Malam Issaka ne, 'yan Maraɗi da Damagaram kamar Ousseini. Elda Gregory dogo ne mai furfura a gefen kai, shi ke riƙe da makullan coci, dami guda a ƙugunsa: na ƙofa, na ofis, na ɗakin ajiye kujeru, da wasu da shi kansa ya manta abin da suke buɗewa. Kafin ka gan shi ka ji shi. Malam Issaka kuwa tela ne a Maraɗi kafin ya zo, kuma har yau tef ɗin awonsa na aljihun gaban riga, rawaya, kansa a waje, ko da yake ya shekara goma sha biyu bai ɗinka ko hula ba.

Mutanen biyu ba sa gaba, sai dai kowanne idonsa na kan jama'arsa. Malam Issaka ya taɓa gaya wa Fa'iza, wadda ke zama bayan direba, cewa ɗankwalinta ya ja baya da yatsa biyu. Elda Gregory kuma ba ya barin Litinin ta wuce bai karanto wa Anti Jemimah sunayen waɗanda suka fice kafin a tashi sujada ba, alhali ita ce ta farko a cikinsu.

Da aka fara motar an sha rigima a kan abin da za a saurara, sai Ousseini ya raba kwanakin. Litinin da Laraba waƙoƙin cocin Elda, Talata da Alhamis wa'azin Malam. Juma'a ba ta kowa ba ce, a kunna rediyon gari a ji ko za a yi ruwa. Ousseini ya fi son Juma'a. Turancinsa bai kai ya kama komai ba, amma yana jin daɗin yadda mai ba da labarin yanayi ke maganar hadari kamar wani ɗan'uwansa ne da zai iso daga tafiya ƙarfe uku.

Wata Juma'a cikin Afrilu, lokacin da ƙurar furen bishiyoyi ke rina kowace mota rawaya, mai yanayi ya gama nasa sai aka sako waƙa. Jita biyu ce, ɗaya mai sanyi, ɗaya ta lantarki mai gurnani, da ganga, da wata 'yar aba ta ƙarfe da ake busawa, mai kuka kamar jirgin ƙasa daga nesa. Muryar ta mace ce, babba, da ɗan kaushi. Ousseini ya ji kukan abar busar nan ya shiga masa har ƙirji, ya tuna wani maraice a tashar Maraɗi da bai san yana ajiye da shi ba. Fa'iza ta fara kaɗa kai. Can tsakiya Anti Jemimah, wadda ta fi kowa Turanci a motar, ta fashe da dariya.

Malam Issaka ya ce, "Anti Jemimah, a ba mu mu ma mu dara mana."

Ta ce, "Labarin wani mutum take bayarwa, Malam. Wai ya je ya tsaya a ƙofar Aljanna, ba wanda ya sa shi. Makullan na rataye a ƙugunsa tare da na motarsa. Duk wanda ya zo sai ya zaro tef ya auna shi, mata tsawon siket, maza tsawon gashi. Wai kafin ya karya kumallo ya gama tura rabin unguwa wuta. Daga ƙarshe da ba sauran kowa, sai ya auna kansa, ya ga shi ma bai kai ba."

Ousseini ya ɗaga ido ya duba madubi. Mutum bakwai na kallon tef ɗin aljihun Malam. Mutum bakwai na kallon ƙugun Elda.

A inda mutanen nan suka fito, mawaƙi ba ya zambo a iska. In ka ji ya ce wani mai gajeren wuya mai jan takalmi, to akwai mai gajeren wuyan, kuma kowa a kasuwa ya san ƙofar gidansa. Bayan haka akwai wanda ya kai wa mawaƙin labari ya zuga shi. Don haka ba wanda ya tsaya tunanin ko da wani ake. Tambaya biyu ce kawai: da wa ake, kuma wa ya sa.

Ran Litinin kowa ya samo waƙar a waya. Elda Gregory ya shigo da fara'a, makullai na ƙara, ya ce shi dai ya saurare ta sau uku, waƙa ce mai ma'ana, ya kamata wasu masu aune-aune su ji. Malam Issaka ya ce shi ba ya sauraron kiɗa, amma an gaya masa akwai darasi babba a ciki ga masu yawo da kwado da makulli. Fa'iza ta ce gaskiya ce tsantsa daga farko har ƙarshe, ba ta ce a kan wa ba. Assibi, wata dattijuwa da ke zama can baya, ta ce kiɗan haramun ne amma maganar daidai ce, saboda haka ita a hankali take kunna ta don zunubin ya yi sauƙi. Wani ɗan cocin ya ce an yi wa Aljanna rashin kunya, Anti Jemimah ta ce Aljanna ba ta kai ƙara ba, mai gadin bogi aka taɓa.

Kwana biyu aka yi ana yabon waƙar ta gaba da ta baya. Ran Laraba ne labari ya isa kunnen Elda cewa a ɗakin cin abinci na wajen aiki 'yan Nijar sun sa masa suna Mai Makullan Aljanna. A ranar kuma Malam ya ji cewa matan coci na ja da siket ƙasa suna dariya duk lokacin da ya wuce. Kafin Alhamis da yamma waƙar ta tashi daga mai ma'ana ta koma fitina.

Ba su bari motar ta bar harabar gidan wankin ba. Elda ya ce, "Malam, ina baturiya ta san ina da makulli goma sha ɗaya in ba wani ne ya je ya gaya mata ba?"

"Ta faɗi goma sha ɗaya?"

"Ba ta faɗa ba, amma ta nufa."

Malam ya ce, "Elda, mace mai jita, ku ne kuka san irinsu. Mu a masallaci ina za mu gan ta? Tef ɗin nan kuwa tun Maraɗi yake aljihuna, ban taɓa auna kowa da shi ba."

Fa'iza ta ce a hankali, "Da ido ake yi."

A lokacin ne tunani ɗaya ya zo wa manyan biyu. Suka juyo gaba. Elda ya ce, "Baba Ousseini, tasha nawa ce a rediyon nan?"

"Da yawa."

"To yaya aka yi hannunka ya faɗa kan wannan, a daidai wannan lokaci?"

Malam ya ce, "Ni ma abin ya tsaya mini."

Ousseini ya yi rantsuwa da Hausa, ya ƙara da Faransanci, bai yi amfani ba. Elda ya ce cocinsu na da bas da ke zaune daga Litinin zuwa Asabar, Longji, wani ɗan cocin, kuma na da lasin tuƙi. Malam ya ce wani mai mota, Zakaria, ya daɗe yana roƙonsa ya kawo masa mutane. Kowannensu ya ce ba zai ƙara zama mota ɗaya da wanda ya kai shi wajen mawaƙiya ba. In ba a san gaskiya kafin Litinin ba, kowa ya kama gabansa. Gwiwar Ousseini ta harba sau biyu.

Juma'a ba a kunna komai ba. Da la'asar, Ousseini yana jiran a tashi aiki, ya zauna yana kallon wasu manyan agwagin daji da ke tsallaka titi a jere, motoci sun tsaya musu kamar ayarin gwamna. Ya daɗe yana mamakin ƙasar da agwagwa ke da wannan daraja. Yana cikin kallonsu ya tuna yadda ake yi a gida. In mawaƙi ya sa mutum a baki, ba a faɗa da shi. Dattawa ke tashi da goro da tufa su je su gaishe shi, su ji wanda ya aiko shi, su roƙe shi ya cire.

Da Anti Jemimah ta fito ya ja ta gefe. Ta ce, "Baba, nan Amurka ce, ba haka ake yi ba."

"Mawaƙi mawaƙi ne ko'ina. Duba mini a wayarki inda take."

Ta duba don ta rabu da shi, sai ga shi matar ba ta da nisa. Sunanta Darlene, tana kiwon dawaki a Summerfield, har da lambar waya ta masu son koyon hawa. Anti Jemimah ta kira, ta yi bayani iya yinta. Matar ta ce ba ta gane ba, amma su zo gobe da rana.

Ousseini ya sayi goro a shagon 'yan Afirka, ya naɗe kilishi a takarda, ya roƙi matarsa Sakinatou turmin atamfa daga akwatinta. Ta ba shi wanda ta fi tsana. Ya yi zaton manyan biyu za su bar shaidarsu a gida. Elda ya fito da kwat da taye, makullan a waje kan kwat ɗin, suna ƙyalli kamar an goge su. Malam ya fito da babbar riga, tef ɗin ya leƙo fiye da kullum, har ana iya karanta lamba huɗu. Ɗaya ya zauna gaba, ɗaya can baya, Anti Jemimah a tsakiya.

Summerfield fili ne da ciyawa da fararen shinge. Abin da ya fara kama idon Ousseini wani doki ne sanye da riga har wuya, fuskarsa rufe da raga, kunnuwansa cikin safa. Ya kusa wuce kwanar gidan saboda kallo. Ya so ya tambayi Malam ko shigar dokin ta cika awo, ya ga ba ranar ba ce.

Suka tarar da matar a bakin barga, da takalmin roba da shebur a hannu. Ta kai sittin, gashinta fari a ɗaure da igiya. Ousseini ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi dawaki, ya tambayi gajiya, Anti Jemimah na juyawa har ta fara haɗa biyu a ɗaya. Ya miƙa goro da kilishi da atamfa. Matar ta ɓare goro ta ciza, fuskarta ta tattare, ta haɗiye don kunya, ta ce na gode.

Sai Ousseini ya gyara murya ya ce, "Gaya mata mun ji waƙarta, murya sai godiya. Ba faɗa ya kawo mu ba. So muke mu san wanda ya sa ta."

Da aka fassara, matar ta yi dariya har ta jingina da shebur. Anti Jemimah ta ce, "Wai ba wanda ya sa ta. Wai da za ta sami wanda zai sa ta waƙa, da ba ta kwasar kashin doki."

Elda da Malam suka kalli juna, kowa bai yarda ba. Ousseini ya ce, "To tambaye ta, cikin mutanen nan biyu da wa take."

Matar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daina dariya. Ta shiga gida ta fito da gwangwanin biskit, ta buɗe. Tsohon tef ne a ciki, lambobinsa sun kusa gogewa. Ta yi magana mai tsawo, Anti Jemimah na bi a hankali.

"Ta ce na babanta ne. Fasto ne a wani ƙaramin coci can cikin duwatsu. Kowace Lahadi a bakin ƙofa yake auna siket ɗinta da na 'yan'uwanta kafin su shiga. Jitarta ta farko shi ya fasa a jikin ginshiƙin baranda. Da ya tsufa ita ta yi jinyarsa, shekara goma sha tara ke nan da rasuwarsa, bai taɓa jin waƙar ba. Makullan cocin kuwa da su aka binne shi, kamar yadda ya bar wasiyya. Sai da aka sauya kwado."

Ousseini ya ji wani sanyi ya sauka masa har gwiwa. Ba wanda ya kai wani wajen mawaƙiya, ba kuma da kowa ake ba. Ya juyo da murmushi don ya ga farin cikin manyan, sai ya tarar da fuskoki biyu kamar an ce musu biki ya tashi kafin su iso.

Elda ya matsa gaba, ya ɗan girgiza ƙugu. Ya ce, "Tambaye ta dai, ba ta taɓa bi ta gaban cocinmu ba? Mai jan rufi. Ina tsayawa a ƙofa kowace Lahadi."

Anti Jemimah ta tambaya, ta ce, "Ba ta taɓa ba, Elda. Ta ce makullanka na da kyau, ko kai ne mai share ginin?"

Malam ya yi tari don ya ɓoye abin da ya taso masa, sannan ya ce, "Ni fa? Ba ta taɓa jin labarin wani malami ɗan Maraɗi ba? An san ni har unguwar Sedgefield."

"Ta ce ina ne Maraɗi."

A daidai nan dokin mai riga ya miƙo wuya ta saman shinge ya kama kan tef ɗin Malam da leɓe, ya ja. Tef ya yi ta fitowa daga aljihu kamar ba zai ƙare ba. Sai da matar ta ba dokin ragowar goronta ya saki. Shi bai tattare fuska ba.

Da za su tafi ta ba Ousseini faifan waƙoƙinta, ta ce ba a taɓa zuwa har gida a kan waƙarta ba. Ya sa a aljihu.

Suka kama hanya har suka hau babban titi. Manyan biyu kuwa, ba tare da sun lura ba, sun zauna kujera ɗaya. Malam ne ya fara.

"Mace ta yi wa ubanta zambo a rediyo."

Elda ya ce, "Bayan ya mutu ma."

"Ba tarbiyya."

"Ko kaɗan. Ni tun farko na ce waƙar nan ba ta da kan gado."

Anti Jemimah ta ce, "Sau uku ka saurara, Elda."

"Don in gane sharrinta."

Malam ya naɗe tef ɗinsa yana goge yawun doki da gefen riga. Ya ce, "Shi uban dai, da alama mutum ne mai kula."

"Ya san aikinsa," in ji Elda. "Da makullansa aka binne shi. Irin waɗannan sun ƙare."

Kafin su shigo gari sun gama shawara. Ba bas ɗin coci, ba motar Zakaria. Amma daga yau ba rediyon gari a motar Ousseini, tunda ta nan ɓarna ke shigowa. Juma'a za a raba ta biyu: daga unguwa zuwa danja ta uku waƙar coci, daga nan zuwa wajen aiki wa'azi. Suka tambayi Ousseini ko yana da magana. Ya tuna injin guga, ya ce ba shi da ita.

Ran Litinin mutum goma sha huɗu suka shiga, ba wanda ya rage. Ran Juma'a aka sauya a danja ta uku daidai, Malam da Elda na duba agogo tare. Can ƙarƙashin wa'azin Ousseini ya ji wani gunguni siriri daga kujerar bayansa, ya gane amon waƙar nan ne, bai duba madubi ba don kada ya ga ko Fa'iza ce ko Anti Jemimah.

Suna isa harabar gidan wankin sama ta tsage da ruwa. Ba mai laima ko ɗaya, domin ba wanda ya ji mai yanayi. Suka fita da gudu, Elda ya dafe makullai, Malam ya dafe aljihu. Ousseini ya jira har ƙofa ta rufe a bayansu. Ya ɗaga gilasai, ya zaro faifan daga inda ya ɓoye shi ƙarƙashin kujera ya tura, ya bi hanyar da ta fi tsawo zuwa gida.